Kwamfutarka ta ƙi tashi daga sleep? Ga abin da za ka gwada

Malam, ka ce in kwamfutar tebur ɗinka ta shiga sleep, wato yanayin barci, sai ta ƙi tashi, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. To tunda fanka na juyawa ai ta farka, hoton ne bai dawo ba, kuma galibi direban graphics, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke fitar da hoto, shi ke jawo haka. Ka danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda, in ka ji ƙara allon ya dawo to shi ne, sai ka sauko da sabon direba daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel, gwargwadon katin da ke ciki. Ka duba wayar HDMI ma ko ta yi sako-sako.

In kuwa shiru take yi gaba ɗaya, ka shiga Device Manager, ka buɗe kibod da maus, a Power Management ka sa alama a Allow this device to wake the computer. Sannan ka kashe saitunan fast startup da hybrid sleep a Power Options da ke Control Panel, wallahi suna yawan kawo wannan matsalar.

Don Allah ka rage kashe ta da riƙe maɓallin wuta, za ka rasa aikin da ba ka ajiye ba, fayil ma na iya lalacewa. In duk bai yi ba ka faɗo mana sunan motherboard ɗinka, wato babban faifan da kayan cikin kwamfutar ke haɗe a kai, mu duba saitin ErP na tsimin wuta a BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows.