Kuɗin yini a ginin bayan ambaliya

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa rediyo ke ta ambaton biliyoyin sake gina Maiduguri, amma kuɗin yinin da aka ba ku a aikin gwamnati bai kai na ginin ɗan kasuwa ba. Zauna ka ji, ruwa ba ya tsami banza.

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shiga unguwar Gwange, ya shiga kasuwa, ya cinye gonaki. Manomi da mai shago da ɗan dako duk suka rasa madafa, suka zo bakin gini neman ɗaukar kwano. In ka ƙi farashin, akwai goma a bayanka da yara ke jiransu a gida. Ɗan kwangila ya san haka sarai.

Sannan kuɗin ba ya zuwa hannunmu kai tsaye. Babban kamfani ya karɓi kwangila, ya yanka wa ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya ba foman, kowa ya cire nasa. Siminti da rodi ba a yi musu ragi, mai shago ba zai saurare ka ba. Wurin da ya rage a matse shi ne guminka. In kuma biyan gwamnati ya makara, kai ne za a ce wa “dawo ranar Asabar”.

Za ka ce ai mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun Yulin 2024. Haka ne, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma shafi mai aikin jinga ba. Yawancinmu a nan muke, kuma wannan yana ci mini rai.

Don haka kafin ka tsoma hannu a kwaɓi, ku yanke magana gaban shaida: yini ne ko jinga, nawa ne bulo ɗaya, wace rana za a biya. Ƙidaya layinka da yamma tare da foman, ka rubuta. Ku haɗa baki da sauran magina, kada wani ya karya farashi a ɓoye.

Amma ko an tauye ka, kada ka huce a kan bango. In aka ce ka ƙara yashi ka rage siminti a fandisho, zo ka faɗa mini, ni zan je in same su. Wadda za ta kwana a ɗakin nan da 'ya'yanta, ruwa ya riga ya rusa mata ɗaya.