Hukuncin Miƙa Bayanan Ɗalibai Ga Hukuma Da Kamfanoni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni shugaban makaranta ne. A hannunmu akwai sunayen yara da hotunansu, sakamakon jarrabawa, lambobin wayar iyaye, har da bayanin rashin lafiyar wasu. Hukumar ilimi takan nemi wasu daga ciki bisa doka. Ga kuma wani kamfani da ya ba mu manhajar rajista kyauta, da sharaɗin mu zuba masa komai. In na miƙa, na ci amana? In na ƙi, na saɓa wa shugabanni?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi maka albarka, ɗan'uwa.

Abin da ke cikin rajistarka ba mallakarka ba ne, ajiya ce. Uban da ya gaya maka ɗansa yana da farfaɗiya ya faɗa ne don a san abin yi idan ta tashi a aji, bai faɗa don a yi hira da ita a ɗakin malamai ba. Allah Yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 58, Yana umartar ku da ku mayar da amanoni ga masu su. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar ta zama amana. Waiwaye kawai ke nan, to ina ga abin da aka rubuta aka sa hannu? Dubi Anas ɗan Malik: yana yaro Annabi (SAW) ya aike shi wata buƙata, mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi, ya ce sirri ne, ita kuma ta ce kada ya gaya wa kowa.

Amma tattara bayanai don tafiyar da al'amuran jama'a ba laifi ba ne. Bukhari ya ruwaito daga Huzaifa cewa Annabi (SAW) ya sa a rubuta masa waɗanda suka furta Musulunci, aka rubuta mutum 1,500. Sayyidina Umar kuma ya kafa diwani mai ɗauke da sunayen mutane. Saboda haka idan hukumar da doka ta ba hurumi ta nemi adadin ɗalibai, ko sunayen masu zana jarrabawa, ko kotu ta aiko da umarni, ka miƙa, ba ka ci amana ba. Wannan yana cikin ɗa'a ga majiɓinta al'amari a abin da ba saɓo ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke game da sirrin marasa lafiya cewa asali shi ne ɓoyewa, sai inda ɓoyewar za ta haifar da cutar da ta fi ta bayyanawa. Ina ganin a nan ma haka ne. Yaron da ake cin zarafinsa, ko cuta mai yaɗuwa, kai rahotonsu ga masu alhaki wajibi ne.

Sai dai ƙa'ida ta ce lalura ana auna ta da gwargwadonta. An tambayi adadi, ba da adadi, kada ka haɗa da sunaye. Ka nemi buƙatar a rubuce, ka tabbatar da wanda ya aiko, don ba duk mai kiran waya ya ce daga ma'aikata yake ne ke da hurumi ba. Dokokin zamani ma nan suka dosa. Dokar FERPA ta Amurka ta 1974 ta hana fitar da bayanan ɗalibi ba da izinin iyaye ba, sai a wuraren da ta keɓe. Ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta wajabta taƙaita abin da ake tarawa. Najeriya ma ta yi tata a 2023. Ka san abin da ta ƙasarka ta ce.

Shi kuwa kamfani ba hukuma ba ne, ba ka da wajibcin yi masa biyayya. Kuma “kyauta” tana sa ni ɗar-ɗar, domin sau da yawa bayanan yaran ne kuɗin. Bai halatta ka zuba masa komai ba sai iyaye sun sani sun yarda, an kuma rubuta cewa ba zai sayar ba, ba zai yi talla da su ba, zai goge idan kun rabu. In ya ƙi, ka bar manhajar.

Wanda ba ka tambaya ba, alhali ya fi yawa, shi ne wanda makarantu ke yi da hannunsu: watsa sakamakon aji gaba ɗaya a zauren WhatsApp na iyaye, da liƙa sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba. Wannan tozartawa ce, babu dokar da ta tilasta ta, kuma haramun ne idan ta kai ga kunyata yaro. A aika wa kowane uba nasa shi kaɗai. Fayil ɗin lafiya kuma a kulle shi, kwamfuta a sa mata lambar sirri, kada kowa ya buɗe sai wanda aikinsa ya rataya a kai.

Wallahu a'alam.