Me ya sa ake dawo da kaya alhali na'urorin sensa suna nuna komai daidai?

Tambaya: Ina zaune a Agege, ina kuma aiki a sashen duba inganci na wata masana'antar ƙira da ke yankin Ikorodu, inda ake gasa guntayen ƙarfe a danne su cikin mazubi. An ɗaura mana na'urorin sensa a wurin gashi da jikin injin matsi, allon kwamfuta yana nuna komai daidai, amma masu saye suna dawo mana da kaya saboda tsaga ko rashin cika. Na'urorin ne ba su da kyau, ko mu ne ba mu iya karanta su ba?

Amsa: Malam, mai yiwuwa na'urorinku lafiyarsu ƙalau, sai dai an ɗora musu aikin da ba nasu ba. Sensa tana ba da labarin yadda aiki ya gudana, wato zafin ƙarfe da ƙarfin matsi da inda kan injin ya tsaya, amma ba ta ganin abin da ya fito daga mazubi.

Zafi ne ya fi yaudarar mutane. Ana ƙera ƙarfen sitil da zafinsa tsakanin digiri 950 da 1,250 a ma'aunin Salshiyos, kuma na'urar da aka fi auna shi da ita, fayiromita, ba ta taɓa ƙarfen, hasken da ke tashi daga fatarsa take karantawa. Ɓawon da ke fitowa a bayan ƙarfe mai zafi, da hayaƙi da tururin man da ake fesa wa mazubi, da ƙurar da ta kwanta a gilashin na'urar, duk suna iya sa ta nuna ƙasa da ainihin zafin, sai ma'aikaci ya ƙara wuta har ƙarfen ya ƙone, kuma ƙonannen ƙarfe ba ya gyaruwa. Idan da wutar lantarki kuke gashi ta hanyar indokshan, wato inda ƙarfin maganaɗisu daga naɗin waya yake haifar da zafi a jikin ƙarfen kansa, fata ce ke fara ɗaukar zafi kafin ciki, don haka guntu yana iya yin jawur a waje alhali cikinsa bai yi laushi ba. Maƙerin gargajiya ma da launi yake hukunci, amma yana barin ƙarfe ya jima a wuta saboda wannan dalili.

Bayanan matsi sun fi gaskiya, muddin za a dubi yadda ƙarfin ya hau ya sauka a kowace danna, ba ƙololuwarsa kaɗai ba. Idan ya wuce yadda aka saba, ko ƙarfen ya huce ko guntun ya yi yawa. Idan ya gaza, ana zargin guntun ya yi kaɗan, kuma daga nan rashin cika yake fitowa. Amma ninkewar ƙarfe a kan kansa, wadda daga baya take buɗewa ta zama tsaga, ba lallai ta bar wata alama a ƙarfin matsi ba.

Shi ya sa awo a jikin kaya ba shi da madadi. A bari kaya ya huce sarai, domin sitil yana tsukewa da fiye da kashi 1 cikin 100 daga zafin ƙira, kuma ƙa'idar awon tsawo ta duniya a kan digiri 20 aka kafa ta, abin da zauren masana'anta a Legas ba ya kusanta sai da na'urar sanyaya ɗaki. Tauri kuwa ana gwada shi da hanyar da Johan August Brinell na ƙasar Suwidin ya fito da ita a 1900, inda ake danna ƙwallo mai faɗin milimita 10 da nauyin kilo 3,000 a auna faɗin gurbin. Garin ƙarfe da maganaɗisu suna tona tsagar da ke fata, ta ciki kuwa sai da sautin altrasonik, wato sautin da kunne ba ya ji, wanda ake turawa cikin ƙarfe a karanta amsa-kuwwarsa.

A ganina, inda kuka fi buƙatar gyara shi ne haɗa waɗannan bayanai biyu, na sensa da na awon kaya. Kowane kaya, ko aƙalla kowane rukuni, ya sami lamba da lokacin da aka danne shi da lambar narkin ƙarfen da aka yanko shi, ta yadda idan an dawo da shi za a buɗe bayanan dannarsa a kwatanta da na waɗanda suka fita lafiya. A riƙa duba agogon na'urori bayan kowace ɗaukewar wuta ko komawa kan janareta, domin idan agogon wurin gashi da na injin matsi suka saɓa, za a jingina wa kaya zafin da ba nasa ba. Koren da kuke gani a allo, alamar komai daidai, yana nufin an tsaya cikin iyakar da wani ya shigar ne kawai, kuma sau da yawa iyakar tana da faɗi ƙwarai. Ku fitar da taku iyakar daga bayanan kayanku masu kyau, bisa tsarin jadawalin sa ido da masanin ƙididdiga Walter Shewhart ya kawo a 1924, sannan ku riƙa gwada fayiromitar da ma'aunin zafi mai taɓa ƙarfe lokaci zuwa lokaci.