Yaya Zan Adana Bayanan Bincikena?

Tambaya: Malam, na gama tattara bayanai don digirina na biyu a fannin nazarin zamantakewa. Yaya zan adana su har wasu su amfana?

Amsa: Malama, fara da cire sunaye, lambobin waya da unguwanni, ki sa lamba a madadinsu. Ki ajiye kwafi 3 a wurare daban-daban, domin filashi yakan lalace ba shiri. Teburan alƙaluma ki mayar da su CSV, wato nau'in fayil mai sauƙi da manhajoji da yawa ke iya buɗewa, tunda ba kowa ke da manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS ba.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne takardar bayani: ma'anar kowace lamba, lokacin hira, da yadda aka zaɓi mutanen. In babu ita, ke kanki za ki rikice nan gaba.

Zenodo, shafin intanet na ajiye bayanan bincike, na karɓa kyauta, amma kada ki ɗora sai da amincewar waɗanda kika yi hira da su.