Martin Birch, mai haɗa wa Iron Maiden sauti

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya haɗa wa ƙungiyar mawaƙan rock ta Iron Maiden sautinsu na shekarun 1980, da kuma inda ya faro. Martin Birch ne, mutumin Ingila, an haife shi a 1948.

Da injiniyan sauti ya fara, ya yi wa ƙungiyar mawaƙa ta Fleetwood Mac aiki, sannan ta Deep Purple. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne Disambar 1971 a Montreux ta ƙasar Suwizalan. Gobara ta cinye gidan cacan da 'yan Deep Purple suka shirya ɗaukar waƙoƙi a ciki, sai suka koma wani otal da babu baƙi, suka kafa ganguna a lungun da ke tsakanin ɗakuna, suka tare sauti da katifu. Na'urorin ɗauka kuwa suna cikin mota a waje, ga sanyi. A haka ya ɗauki faifan Machine Head, kuma har yau in ka saurara za ka ji kowane kiɗa tar.

Daga baya ya zama furodusan ƙungiyoyin Rainbow, Whitesnake da Black Sabbath. Iron Maiden kuwa ya riƙe su tun daga faifan Killers na 1981 har Fear of the Dark na 1992, ya ajiye aikin bai kai shekara 45 ba. Ya rasu ranar 9 ga Agustan 2020.