Amsa: ambaliya a kwarin dutse alhali sama garau take

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda ruwa zai ci mutum a gandun tsaunuka alhali ko ɗigo bai sauka a kansa ba. Wallahi yana faruwa. A lokacin zafi rana kan gasa jikin dutse tun safe, iska mai ɗumi ta hau sama, bayan azahar hadari ya haɗu a ƙololuwa. Dutse ba ya shan ruwa, sai duk ya gangaro ya taru a kwazazzabo guda. Kai kana can ƙasa, ƙorama iya idon sawu, sai ka ga ta rine ja, tana ɗauke da kiraruwa, ka ji rugugi daga sama. To, kada ka tsaya naɗe tanti, hau tudu nan take.

A ranar 31 ga Yuli, 1976, a kwarin Big Thompson na jihar Kolorado a Amurka, mutum fiye da 140 suka rasu a ambaliya, da yawa a cikin motocinsu.

Don Allah kada ka ratsa da mota, ruwa mai gudu na santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota. Ka fita da asuba, ka sauko kafin azahar.