Tambaya da Amsa: Koyar da rayuwar kunkurun hamada ta darussa daban-daban

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce, ina koyar da 'yan aji biyar a wata makarantar firamare a jihar Katsina. Shugaban makarantarmu ya nemi kowane malami ya ɗauki maudu'i guda ya bi da shi ta darussa da yawa, ni kuma na zaɓi kunkurun hamada. Sai dai duk abin da na samu a intanet na Amurka ne, ɗalibaina sun kusa saba'in, kuma ba mu da ɗakin gwaje-gwaje. Ta ina zan fara? Sannan wani yaro ya ce akwai kunkuru a gidansu, yana so ya kawo shi aji. In bar shi ya kawo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kin yi zaɓi mai kyau, kuma rashin ɗakin gwaje-gwaje ba zai hana ki komai ba, domin mafi yawan abin da wannan darasi yake bukata yana cikin filin makarantarku.

Kunkurun da kike gani a intanet na hamadar Mojave ne, wadda ta ratsa jihohin Kalifoniya, Nebada, Yuta da Arizona a kudu maso yammacin Amurka. Tsawon ƙoƙon bayansa bai cika wuce santimita 38 ba, yakan rayu shekara 50 zuwa 80, kuma tun 1990 gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin dabbobin da doka ta kare saboda raguwarsa. An yi rubutu da yawa a kansa, shi ya sa ya cika intanet. Amma mu ma muna da namu, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba, wato kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Shi ne na uku a girma a duk duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma da yake waɗancan biyun a tsibirai suke, babu kunkurun tudu da ya kai shi a kan wata nahiya. Ƙoƙon babban namiji yakan kai santimita 80, nauyinsa kuma ya haura kilo 90. Ana gane shi da tsinaye biyu ko uku a bayan cinyoyinsa. Shawarata ita ce ki sa na Sahel a tsakiyar darasin, ki riƙa kawo na Amurka domin kwatanci, saboda yaro ya fi kama abin da kakansa zai iya ba shi labarinsa.

Abin da ke lalata irin wannan tsari shi ne a tattara ayyuka barkatai, yau a zana kunkuru, gobe a rera masa waƙa, jibi a ƙirga ƙafafunsa, a ƙarshe yara su tashi ba su san abin da ya haɗa ayyukan ba. Maganin haka shi ne tambaya guda ɗaya da za ki rubuta a saman allo, kada a goge ta har a gama: yaya dabbar da ba ta gudu, ba ta gumi, take rayuwa a inda ake yin wata takwas ko fiye ba a ga ɗigon ruwan sama ba? Kowane darasi sai ya kawo guntun amsa. Babban guntun amsar kuwa shi ne rami, kuma a nan nake so ki fi daɗewa.

Kunkuru ba ya sarrafa zafin jikinsa kamar yadda mu da awaki muke yi, jikinsa yana bin zafin wurin da yake ne. Idan rana ta take ya rasa mafaka, zafi zai iya kashe shi. Saboda haka yake haƙa rami da ƙafafunsa na gaba masu faɗi da ƙarfi, ramin da tsawonsa kan kai mita da yawa, ya shige ya lafe. Kada ki gaya wa yara cewa rami ya fi waje sanyi, ki bar su su gano da kansu. Ki sa manyan yaran ajin su haƙa rami a karkace a gefen fili, zurfinsa ya kai daga yatsa zuwa kafaɗa, faɗinsa daidai shigar hannu. Ki nemo ma'aunin zafi guda biyu irin wanda ake ratayewa a bango, domin na asibiti ba zai yi ba. A ɗaura wa ɗaya zare a zura shi cikin ramin, a rufe bakin da kwali, ɗaya kuma a ajiye shi a kan yashi. A duba su da ƙarfe 8 na safe, da 11, da 1 na rana, har kwana biyar, kowace rana rukuni dabam ne zai duba ya rubuta a allo, ta haka ɗalibai saba'in duk za su samu shiga. Irin waɗannan ma'aunai masu araha a kan digiri 50 suke tsayawa, yashin bazara kuwa yakan wuce haka da tsakar rana, don haka kada a bar na waje ya daɗe a rana, minti biyu ko uku sun isa. Kuma malami ne zai fara leƙa ramin kowace safiya kafin wani yaro ya sa hannu, saboda kunama da maciji su ma sun san daɗin rami. Wannan ma darasi ne, domin a daji ramin kunkuru yakan zama mafakar ƙadangaru da ɓeraye da ƙwari.

Yara za su lura cewa na waje yana hawa yana sauka, na cikin rami kuwa da ƙyar yake motsi. Daga nan sai gwaji na biyu: a zuba ruwa daidai wa daida a murfin kwalba biyu, ɗaya a rana, ɗaya a rami, a duba wanda ya riga ƙafewa. Idan sun gani da idonsu, sai ki yi musu bayanin cewa kunkuru yana samun yawancin ruwansa daga ɗanyar ciyawa da ganye, yana tara shi a mafitsara, jikinsa kuma yana iya sake janyo ruwan daga can idan fari ya tsananta. Fitsarinsa ma yakan fito da wani farin abu mai kauri, wanda hanya ce ta fitar da dattin jiki ba tare da asarar ruwa mai yawa ba. Wannan ne ya sa a Amurka ake hana mutane ɗaga kunkurun daji, domin idan ya tsorata yakan saki fitsarin gaba ɗaya, ya zubar da guzurin da zai kai shi ruwan sama na gaba.

Darasin lissafi ya riga ya samu kayan aiki. Lambobin da ke allo sun isa a koyar da ɗebewa, da fitar da matsakaici, da zanen sanduna, kuma yara sun fi kula da lambar da su suka auno. Ki ƙara musu da wannan: masana sun ƙiyasta cewa kunkurun Mojave yakan kwashe har kashi 95 cikin 100 na rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa, to kwana nawa ke nan a shekara? Za su samu kusan kwana 347, saura 18 kacal. Sannan a ɗauki tef ɗin awo irin na tela a zana ƙoƙo mai tsawon santimita 80 a daɓen aji da alli, a zana mai 38 a cikinsa, a kuma lissafa yara nawa za a haɗa kafin su kai kilo 90.

A labarin ƙasa, ki ba kowane rukuni taswirar Afirka su shafa launi a yankin da kunkurun Sahel yake, daga Senegal da Muritaniya, ta Mali, Burkina Faso, Nijar, arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan, Eritiriya da Habasha. Za su ga ɗamara guda ce da ta bi gefen kudu na Sahara, inda akwai ciyawar damina da ƙasa mai haƙuwa, ba cikin tsakiyar rairayi ba. Aikin gida mafi amfani a nan shi ne kowane yaro ya tambayi wani dattijo, musamman makiyayi ko mafarauci: ya taɓa ganin babban kunkuru a daji? A ina, a wane lokaci na shekara, kuma yaushe rabonsa da ganinsa? A rubuta amsoshin da Hausa, a karanta a aji. Ki dai sani cewa ba kowane kunkuru da za su ambata ne na Sahel ba, akwai wani ƙarami da ake samu a dajinmu wanda bayan ƙoƙonsa ke lanƙwashewa ya rufe ƙafafun baya.

Amsoshin dattawan za su kai ki ga dalilin raguwarsa, wanda aikin darasin zamantakewa ne. A 2021 ƙungiyar IUCN, mai lura da halin da halittu ke ciki a duniya, ta sanya kunkurun Sahel cikin masu fuskantar haɗarin ƙarewa. Ciyawar da yake ci ita dabbobin kiwo suke ci, gonaki sun ci daji, gobarar daji tana ƙone shi, ana kuma kama shi a sayar ko a ajiye a gida. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje domin kasuwanci. Macen takan yi ƙwai 15 zuwa 30 ta binne, amma 'ya'yan suna fitowa da ƙoƙo mai laushi, kaɗan ne ke tsira daga guza da dila da karnuka, wanda ya tsira kuma sai ya yi shekaru da yawa kafin ya isa haihuwa. Shi ya sa ɗauke babba guda ɗaya ba ƙaramar asara ba ce. Misalin Amurka yana da daɗin koyarwa a nan: garuruwa sun yaɗu cikin hamada, bola ta yawaita, wani nau'in babban hankaka ya samu abinci da turakun lantarki na yin sheƙa, ya hayayyafa, ya koma cin 'ya'yan kunkuru. Ki sa yara su jera wannan silsila da kibiyoyi, sannan su jera tamu. Ina roƙon kada a juya darasin ya zama zargin makiyayi ko manomi, domin 'ya'yansu ne a gabanki. Ki ba su labarin Noflaye kusa da Dakar a Senegal, inda aka kafa cibiyar kiwon wannan kunkuru, har aka mayar da wasu dajin Ferlo.

Darasin harshe ba ya bukatar dogon shiri. A tatsuniyoyin Yarbawa da Ibo kunkuru ne mai wayon da Gizo yake da shi a namu, kuma akwai wadda ke cewa ƙoƙonsa ya tsattsage ne sa'ad da ya faɗo daga sama bayan ya cuci tsuntsaye. A ba da tatsuniyar, sannan a tambaya: me kimiyya ta ce? Ƙoƙon ƙashi ne mai rai, haƙarƙari da ƙashin baya ne suka haɗe, yana da jini da jijiyoyi, kunkuru ba ya iya fita daga cikinsa. A darasin zane a kifa ƙoƙon duma a zana masa gidaje biyar a tsakiya da huɗu-huɗu a gefe, 13 ke nan, ban da ƙananan da suka kewaye baki. Zoben da ke cikin kowane gida alamar girma ce, ba ta ba da shekaru daidai.

Akwai wata dabara da za ki iya ara. A birnin Las Vegas na Amurka akwai kunkuru mai suna Mojave Max, kowace shekara 'yan makarantar yankin suna gasar hasashen ranar da zai fito daga raminsa bayan barcin hunturu. Namu zafi da fari yake ɓuya wa, damina ce lokacin walwalarsa, don haka ɗalibanki su yi hasashen ranar ruwan farko, kowa ya faɗi dalilinsa.

Game da kunkurun gidan su yaron nan, amsata a'a ce. Ɗauko shi, da hayaniyar yara saba'in, da hannuwa ta ko'ina, wahala ce gare shi, kuma kunkuru yakan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Abin da na fi tsoro ma shi ne gobe wasu yaran su bazama daji neman nasu. Kada ki kunyata yaron, gidaje da yawa sun gaji ajiye kunkuru. Idan iyayensa sun amince, ki kai ɗalibai biyar ko shida gidan, su tsuguna nesa kaɗan su kalli yadda yake tafiya da yadda yake yagar ganye da bakinsa marar haƙori, su rubuta, su wanke hannu da sabulu, su dawo su ba aji rahoto. Ta bakin yaran za a iya isar wa masu gidan cewa huda gefen ƙoƙo a ɗaura igiya yana yi masa ciwo, fenti ma yana cutar da shi, kuma kada a jefa shi a ruwa mai zurfi domin ba kififiya ba ne. Haka nan kada a saki wanda ya daɗe a gida cikin daji ba tare da shawarar ma'aikatan gandun daji ba, saboda zai iya kai wa na daji cuta. Malamin addini zai iya ɗora hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Mako biyu sun isa wannan tsari. Ki sa shi a bazara, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da bambancin zafin rami da na waje ya fi fitowa fili, kuma idan jadawalin zango ya ba da dama, a gayyaci iyaye su ga ayyukan yara ranar 23 ga Mayu, wadda ita ce ranar kunkuru ta duniya.